Kalmomin Gefen Gado

"Ki gaya masa ina nan. Ki ce ko shekara nawa zai yi a gadon nan, zan jira shi."

Auta ce ta faɗa. Tana tsaye a ƙarshen gadon asibitin da ledar ayaba a hannu, ta ma manta ba ta ajiye ba. A kan gadon kuwa mutumin da saura ƙiris ya zama mijinta ne kwance. An aske masa kai an naɗe da bandeji, hannunsa na dama yashe a kan zanin gado kamar ba nasa ba.

'Yar kawunsa ta gyara farar rigar aikinta, ta sunkuya kusa da kunnensa. Ita ke ba da magani a asibitin, ita ce kuma kaɗai mai jin Turanci a dangin da ke kusa. Ta yi masa doguwar magana da murya mai taushi, har Auta ta ji a ranta ta gode mata.

Ya saurara. Ya juyo ya dubi Auta da wani irin kallo da ba ta taɓa gani a idonsa ba. Sannan ya buɗe baki, kalmomi suka fito da ƙyar ɗaya bayan ɗaya, ko guda babu ta Hausa.

"Me ya ce?"

'Yar kawun ta kau da kai.

"Don Allah me ya ce?"

"Kin tabbata kina son ji?"

"Ina so..."

"Cewa ya yi ki tafi gida. Ya ce kada ki ƙara zuwa."

Hajiya mahaifiyarsa, da ke zaune a kujerar roba tana jan carbi, ta ɗago kai.

"To, kin dai ji da kunnenki."

"Ban ji ba, Hajiya. Gaya mini aka yi."

"Au, ƙarya za a yi miki ke nan? Ɗauki ledarki, yarinya. Mara lafiya na son hutu."

Ta fita da ayabarta. Sai da ta kai bakin titi ta tuna ko sallama ba ta yi masa ba, a nan kukan ya ƙwace mata a gaban masu jiran mota.

Mai Tsani take kiransa, don ranar da ta fara ganinsa tsani ne a kafaɗarsa. Injiniyan lantarki ne, ya zo duba wata waya da ke tartsatsi a saman shagon babanta, shagon gyaran kujeru da ɗinkin matasai. Nan da nan ya gama aikin, amma wayar nan ta ƙi zama lafiya, kowane mako sai ya dawo duba ta. Ran nan Baba ya ce masa, "Samari, in 'yata kake nema ka shigo ta ƙofa, ka bar mini rufin shago ya huta."

Shi kuma 'Yar Auduga yake ce mata, don ba a raba mayafinta da farin zare.

Tun yana ɗan ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga can ya wuce ƙasar waje, Turanci ya zauna masa daram a baki. Ita kuwa ba ta yi nisa a firamare ba mahaifiyarta ta rasu, ta dawo shago tana miƙa wa Baba ƙusa. In ya yi suɓutar baki da Turanci sai ta ce, "Malam, fassara," ya yi dariya ya fassara. Ta sha roƙonsa ya koya mata.

"Saurin me kike yi, 'Yar Audugata? Rayuwa gaba ɗaya na gabanmu."

Hajiya ba ta so auren ba tun farko. Ta riga ta zaɓa masa 'yar ƙaninta, wato 'yar kawun nan mai farar riga da digiri, ba 'yar mai cusa soso a kujera ba. Ya dage, ta haƙura a baki, aka sa rana. Sai ga shi wata safiya ya faɗo daga kan turken lantarki, kansa ya bugu da kankare. Da ya farfaɗo, Hausa ta ɓace masa ƙurmus. Ba ya yi, ba ya ji. In an yi masa magana sai ya yamutsa fuska kamar ana kaɗa masa gwangwani a kunne. Turancin ne kawai ya rage, shi ma a kakkarye. Likita ya ce hakan na faruwa, wataƙila ta dawo, wataƙila ba ta dawo ba.

"Ƙarya ta yi, Baba. Wallahi ƙarya ta yi. Ba zai ce in tafi ba."

Baba bai ɗago daga kujerar da yake buga wa ƙusa ba.

"Ko ƙarya ce ko gaskiya, sun dai kore ki. Ni ban haifi 'yar da za ta riƙa raɓe-raɓe a ƙofar mutane ba."

"Baba..."

"Auta, zauna ki yi ɗinkinki."

Ta koma asibitin sau ɗaya a ɓoye. Ma'aikatan ɗakin ƙawayen 'yar kawun ne, suka tare ta a ƙofa, wai an ce kowa ya shiga ban da ita. Ta roƙi ɗaya ta shiga da ita ta yi mata fassara ko na minti guda, matar ta ce ita ba ta shiga rigimar dangi. Ta dawo shago ta zauna a gaban keken ɗinki, tana ɗinki hawaye na ɗiga a kan yadin mutane.

Akwai wata tsohuwar nas a layin, ta daɗe da ajiye aiki, kowa Sista yake ce mata. Doguwar kujerarta ta kawo gyara, kuma da yake ba ta yarda da kowa ba, kullum sai ta dogaro sandarta ta zo ta zauna ta sa ido kada a sa mata soso mai arha. Babu abin da ya wuce kunnenta.

"Ke, zo nan. Share hancinki tukuna. Turancin kike son ji?"

"So nake in ji abin da yake faɗa da kunnena, Sista. Ba na son kowa a tsakani."

"Kin iya karatu?"

"Kaɗan-kaɗan, na Hausa."

"Madalla, ba ruwanmu da takarda. Kuma ba zan ɓata yawuna a kan gaisuwa da sunayen namun daji ba. Mutumin da ke kwance ba zai tambaye ki raƙumin dawa ba. Abin da mai jinya ke nema zan koya miki."

Baba ya yi gyaran murya. "Sista, kada ki ƙara wa yarinyar nan wahala."

"Kai dai ka ji da ƙusarka. Wancan hannun kujerar ma a karkace ka sa shi."

Baba ya koma kan ƙusarsa, don duk layin babu mai iyawa da Sista.

Sista ta miƙe a kan kujerar da ba a gama ba, ta saki hannu ɗaya, ta karkace baki, ta shiga nishi tana faɗin wata kalma. Auta ta tsaya sororo. Sista ta maimaita, ta ƙi fassarawa. Auta ta kawo mata mafici, ta ture. Ta kawo almakashi, ta harare ta. Sai da ta kawo kofin ruwa tsohuwar ta karɓa ta sha.

"Wannan ita ce ruwa. Da mara lafiyar gaske ce ni, da tuni na cika kina neman almakashi."

Haka karatun ya kasance. Kowace rana Sista ta kwanta ta yi ciwon ƙarya, Auta ta yi ta zirga-zirga a shago har sai ta dace. Da haka ta san cokali da bargo da matashi. Ta san taga da labule da ƙofa. Ta san zafi da sanyi da ciwo, ta san kai da baya da ƙafa, ta san zo da tafi da zauna da gida. Kalmar da ta sha wuya kafin ta gano ta, ita ce ke zama. Wadda ta samu a ɓagas, kafin gari ya waye ta gudu.

Harshen ne ya fi ba ta wahala. Akwai kalmomin da sai an ciji harshe, akwai waɗanda rabinsu ake haɗiyewa. Sista ta ce bakinta kamar an cusa masa auduga. 'Yan matan shagon teloli da ke gefe suka ji ta tana magana da labule da taga ita kaɗai, suka laƙaba mata Baturiya, in ta wuce su ƙyalƙyale. Akwai ranakun da take tashi babu komai a kanta, duk sun zube, ta kifa kai a kan keke ta yi kuka mai isarta.

"Kin gama?" in ji Sista. "To tashi, ƙafata na ciwo. Wace kalma na faɗa?"

A gaskiya ba so ne kaɗai ke riƙe da ita ba, har da haushi. Kullum tana hango ranar da za ta tsaya a gefen gadon nan, ya yi magana, 'yar kawun ta juya maganar, ita kuma ta dube ta ta ce ba haka ya ce ba. Wannan hoton ne ke tashin ta da safe.

Aka gama kujerar Sista, ta ƙi ɗauka, wai bayan bai yi mata ba. Baba ya san bayan lafiyarsa lau, amma ya ƙyale ta.

Makonni sun ja kafin Auta ta koma. Ta ari mayafin da ba a san ta da shi ba, ta zaɓi lokacin da masu dubiya suka fi yawa, lokacin da layin karɓar magani ke hana 'yar kawun motsi. Ta bi bayan wasu mata ta shige.

Tun daga ƙofa ta ji muryarsa.

Kalma ɗaya yake ta nanatawa, yana buga lafiyayyen hannunsa a ƙarfen gado. Hajiya ita kaɗai ce a kansa. Ta rame, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba. Ta miƙa masa ruwa, ya ture kofin ya faɗi. Ta miƙa masa abinci, ya kau da kai. Ta dafa goshinsa tana addu'a, ya ƙara ɗaga murya, hawaye na bin gefen idonsa.

"Me kake so, ɗana? Me kake so? Ni ce fa..."

Auta ta ji kalmar. Ta san ta. Sista ta taɓa sa ta zagaya shago har ta gaji a kanta.

Ta wuce ta gaban Hajiya, ta ja labulen tagar. Rana ce ke dukan idonsa.

Ɗakin ya yi tsit. Ya sauke hannunsa, ya yi ajiyar zuciya. Ya sake faɗin wasu kalmomi biyu a hankali, ƙafa da sanyi. Ta jawo bargo ta rufe masa ƙafafu.

Hajiya ta bi ta da kallo, bakinta a buɗe.

Sai a lokacin ya gane ko wace ce. Fuskarsa ta canza. Auta ta matso, ta sa kunne yadda ba ta taɓa sa wa wani abu kunne ba. Yau babu kowa a tsakani.

Ya yi magana.

Tafi. Gida. Kada ki zo.

Duk ta san su. Babu wadda ta kuɓuce mata. Ta tsaya tana jiran wata kalma ta biyo baya ta gyara su, ba ta zo ba. Ashe 'yar kawun ba ta yi ƙarya ba. Duk cizon harshen nan, duk dariyar 'yan mata, ta yi su ne don ta ji korarta da kunnenta.

Akwai tambaya ɗaya da ta iya. Ta haɗa ƙarfinta ta faɗa masa da Turancinta mai kauri.

"Me ya sa?"

Ya amsa. Doguwar amsa ce, yana yi yana tsayawa, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Yana nuna ta, yana nuna mataccen hannunsa. Amsar kuwa babu ruwa a ciki, babu cokali, babu bargo. Turancinta ya isa ta ji ya ce ta tafi, bai isa ta ji dalili ba. Wannan ya fi korar ciwo.

Amma wasu kalmomi ya yi ta maimaitawa. Ta cafke sautinsu ba tare da ta san ma'anarsu ba.

"Yarinya," in ji Hajiya, muryarta ƙasa-ƙasa, babu faɗa a ciki. "Tafi gida. Don Allah ki tafi."

Ta fita tana maimaita sautukan a bakinta. A cikin mota ma ba ta daina ba, kamar mai ɗauke da ruwa a tafin hannu. Yaron mota ya tambaye ta inda za ta sauka, ta nuna da yatsa, don ta san in ta buɗe baki da Hausa za su zube. Duk da haka kafin ta isa shago rabi sun tafi.

"Sista, kada ki yi magana. Saurara kawai."

Ta zazzage mata abin da ya rage. Sista ta sa ta maimaita, ta gyara wani sautin, ta sake sa ta maimaita. Sai tsohuwar ta ajiye sandarta a hankali.

"Ta farkon, 'kin ce' ke nan. Ta biyun, 'rabin mutum'. Ta ƙarshen kuma, 'wani namiji'."

"Ban gane ba..."

"Cewa yake ke kika ce ba za ki auri rabin mutum ba. Wai kin sami wani."

"Ni? Yaushe na..."

Sai ta tuna doguwar magana mai taushi a kunnensa, wadda har ta gode a ranta. Ita tana can tana gadin abin da ke fitowa daga bakinsa, ashe abin da ke shiga kunnensa aka juya.

Baba ya ajiye guduma.

"Ki koya mini, Sista. Ki koya mini yadda zan ce ban faɗa ba, ƙarya ta yi, ina jiransa."

Wannan karon Sista ba ta kwanta ciwon ƙarya ba. Ta zaunar da ita, ta ba ta jimlolin baki da baki har suka zauna. Washegari Baba da kansa ya ce, "Tashi ki je. In sun hana ki shiga ki kira ni."

Ba ta ma kai ga shiga ba. A harabar asibitin ta same su, mota a buɗe, akwatuna a baya. Ana turo shi a keken marasa lafiya, an sa masa sabuwar riga da hula. 'Yar kawun na gefensa, babu farar rigar aiki, jakar takardu ce a hannunta.

Hajiya ce ta fara ganin ta. Ta taro ta da sauri, ta riƙe mata hannu.

"Tsaya. Ki ji daga bakina, kada ki ji a wani wuri. 'Yar ƙanina matarsa ce yanzu. An ɗaura tun makon jiya."

Auta ta dubi jakar takardun da ke hannun 'yar kawun.

"Asibitin ƙasar waje za a kai shi. Dole sai da mai kula da shi dare da rana, mai jin yarensu. Ni me na iya? Aka tambaye shi, ya gyaɗa kai. Jiya na so in gaya miki, bakina ya yi nauyi."

Auta ta zare hannunta. Ta nufi motar. An riga an zaunar da shi a baya, ƙofar a buɗe. 'Yar kawun ta gan ta, kuma a karo na farko Auta ta ga tsoro a idonta.

Jimlolin na nan a bakinta, a shirye, babu wadda ta zube.

Ta dube shi. Ta dubi hannun da ba ya motsi, da bakin da ya karkace. Gobe war haka yana ƙasar da babu uwa, babu dangi. In yana jin ƙishirwa, matar nan zai roƙa. In rana ta dame shi, ita za ta ja labule. In ta faɗa masa yanzu, auren ba zai warware a harabar asibiti ba, jirgi ma ba zai fasa tashi ba. Zai dai tafi ne yana ƙin hannun da zai riƙa ba shi abinci. In kuma ta yi shiru, zai tafi yana ƙin ta.

Ta sunkuya ta ɗaga mataccen hannun da ya zame, ta ɗora masa a cinya. Ta tambaye shi da Turanci ko akwai ciwo.

Ya girgiza kai. Yana kallon bakinta. Jiya fushi ya hana shi lura, yau ya lura. Goshinsa ya tattare, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fito da tambaya, gajeriya, daidai kunnenta.

Turanci. Me ya sa?

Wannan amsar ba sai an koya mata jimla ba. Kalma ɗaya ce, tana cikin na farko-farkon da ta iya. Ta nuna shi da yatsa.

"Kai."

Ya ƙura mata ido. Ta ga abin yana shigarsa a hankali. Ya juya ya dubi matarsa, ya sake juyowa, leɓɓansa na motsi.

"Direba, mu je, za mu makara," in ji 'yar kawun, ta rufe ƙofar.

Motar ta fita. Auta ta tsaya a wurin har mai gadi ya zo ya ce ta matsa, wata motar za ta shiga.

Ta yi jinya a gida, irin wadda ba a zuwa asibiti dominta. Baba ya riƙa rufe shago da wuri yana dawowa ya zauna a ƙofar ɗakinta. Sista ta zo ta yi faɗa, ta ce da ita ce da sai ta tona asirin matar nan a gaban kowa, sannan ta zauna ta yi kuka ta fi Auta. Daga baya ta aiko aka ɗauki kujerarta. Auta ta koma kan keke. Ba ta ƙara magana da labule ba, 'yan matan teloli ma suka daina tsokanarta.

Watanni suka wuce.

Wata rana da azahar inuwa ta tare ƙofar shagon. Auta ta ɗago, sai ga Hajiya, ita kaɗai, riƙe da waya a hannu. Ta tsufa ƙwarai. Baba ya amsa sallamarta a daƙile, ya tura mata kujera, ya fita waje.

Ta zauna. Ta daɗe tana juya wayar.

"Na ga fuskarsa ranar nan a mota," in ji ta. "Ni na haife shi. Ba sai an fassara mini ba."

Auta ba ta daina ɗinki ba.

"In matar tasa ta kira, sai ta ce yana gaishe ni, yana samun sauƙi. Ban san abin da take gaya masa ba, ban san abin da take gaya mini ba. Amma kwanan nan, in ta fita, shi da kansa yake kira, daidai wannan lokaci. Ya yi ta magana, ni in yi ta kuka, har ya gaji ya kashe."

Keken ya tsaya.

"Ba ni da bakin roƙonki. Na sani. Amma ban san wanda zan yarda da shi ba sai ke."

Kafin Auta ta amsa wayar ta yi ƙara. Hajiya ta danna, ta buɗe muryar, ta ajiye a kan teburin yanka yadi a tsakaninsu.

Muryarsa ta cika shagon.

Auta ta dafe bakinta. Ta ɗauka ta warke, ashe ba ta fara ba. Ta runtse ido ta saurara. Maganarsa ta ɗan saki, akwai da yawa da suka wuce ta, amma akwai waɗanda ta kama. Ta matsa kusa da kunnen Hajiya, ta yi raɗa don kada ya ji.

"Ya ce akwai sanyi a can."

"Sai me?"

"Ya ce ƙafar ta fara motsi. Yana tsayawa kaɗan."

"Alhamdulillahi... Sai me?"

"Ya ce Mama. Ya ce yana son gida."

Hajiya ta toshe bakinta da mayafi. Can ta tura wayar gaban Auta.

"Gaya masa ina jin sa. Ki ce uwarsa na jin sa."

Auta ta dubi wayar. In ta yi magana zai gane muryarta, ko cikin barci zai gane. Ta so ta yi, Allah Ya sani ta so. Amma mijin wata ne, kuma nan da anjima matar za ta dawo ta ba shi magani.

Ta mayar da wayar gaban Hajiya.

"Ke za ki faɗa, Hajiya. Kalma uku ce. Dubi bakina."

Ta raɗa mata ta farko. Hajiya ta gwada, ta fito a karkace. Ta sake raɗawa, ta nuna mata inda za ta sa harshe. Hajiya ta sunkuya kan wayar, ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu.

Suka ƙura wa wayar ido.

Sai suka ji yana kuka. Cikin kukan ya yi tambaya, ya sake maimaita ta.

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

Auta ta share fuskarta da bayan hannu.

"Tambaya yake wa ya koya miki."

"In ce masa me?"

Ta jawo yadin da take ɗinkawa, ta daidaita shi a ƙarƙashin allura.

"Kada ki ce komai, Hajiya. Ki dawo gobe da wuri, kafin ya kira. Akwai sauran kalmomi."